Agogon Yaya a Cikin Gwangwani

Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu koma, sai dai Yaya ya riga ni tafiya. Ya cika ranar wata Laraba da hantsi, ina gona ina roron wake. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa mun dawo. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ke bi masa, yanzu kuwa daga ni sai ni.

A ƙofar gida muka yi zaman makoki, ƙarƙashin darbejiya. Mutane sun zo daidai gwargwado, mafi yawa a ƙasa, don kuɗin mota a shekarun nan ya fi ƙarfin mai zumunci. Wanda a da zai zo da kwanon gero, yanzu hannu kawai yake miƙo maka ya ce a yi haƙuri da shi. Kai ma ka ce ba komai, alhali ku duka kun san halin da ake ciki.

Na zauna ina sauraron abin da ake faɗa a kansa. Liman ya ce an yi rashin mutum mai haƙuri. Na gyaɗa kai, amma a raina na ce Liman bai taɓa sa Yaya jira ba. Da ƙarfe Yaya yake haƙuri, ban da mutum. Wani tsohon direba daga Gezawa ya naɗe hannun rigarsa, ya nuna mana tsintsiyar hannunsa babu komai, ya ce, "Tun da idonsa ya raunana na cire agogona na ajiye. Wa zan kai wa?" Can gefe kuma wani saurayi ya tambayi na kusa da shi a hankali, amma kunnena ya kama: "Wai da ma gyaran agogo yake yi? Ni na ɗauka batir yake sayarwa." Maganar nan ta tsaya mini a rai. Ita ta sa na ɗauki biro, ni da iyakar karatuna yaƙi da jahilci.

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba a zaman. A ɗakin Yaya, ƙarƙashin gado, akwai faifai biyu, ɗaya ya rufe ɗaya. A tsakaninsu agogonsa ne a wargaje, ƙwaya-ƙwaya, a jere yadda ya jera shi da hannunsa. Ya bar mini amanar in ga an haɗa shi ya ci gaba da tafiya. Ana ta addu'a, ni kuwa rabin hankalina yana kan faifan nan. Cikin gida cike yake da mata masu gaisuwa, namiji ba ya kutsawa a irin wannan lokaci, sai na haƙura na ce ai ɗakin mamaci ba mai taɓa masa kaya.

Bari in faɗi ko wane irin agogo ne.

Yaya bai taɓa son noma ba, kuma gonar Baba ba ta isa a yi faɗa a kanta ba. A yankinmu gida ya bi gida, gona ta bi gona, in ka yi tari a iyakarka maƙwabci zai ce maka sannu daga tasa. Don haka tun yana saurayi ya tafi birni, ya zauna wurin wani Bayarabe mai gyaran agogo a Sabon Gari. Da ya dawo, ya dawo da akwatin gilashi, da 'yar matsefata, da madubin nan da ake maƙalawa a ido ɗaya. Ranar kasuwar Gezawa yakan kafa teburinsa, sauran ranaku a zauren gida.

Bayan yaƙin basasa da 'yan shekaru wani alhaji ya dawo daga Makka da wani ƙaton agogo mai nauyi. Yana da madanni biyu a dama, amma abin murɗa shi a hagu yake. Mutanenmu kuwa ba su da dama. Suka sa masa suna agogon bahago, wai har a Makka an samu wanda ya cuci Alhaji. Tsiya ta ishe shi, ya kawo wa Yaya ya duba ko za a iya mayar da abin dama. Yaya ya buɗe bayansa, ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba. A ranar suka yi musaya, ya ba Alhaji agogo lafiyayye mai murɗi a dama, ya ɗora masa da kekensa. A ƙasa ya dawo gida. Baba ya ce, "Na haifi wanda zai ba da abin hawa ya karɓi abin kallo." Yaya kuwa yana ta murmushi yana kara agogon a kunne.

Labarin agogon nan na ji shi har na haddace ba da son raina ba.

"Ka ga da can iri biyu ne," in ji shi. "Akwai wanda ake ce wa otomatik. An sa masa ɗan ƙarfe mai nauyi a baya, kana motsa hannu yana lilo, lilon nan shi ke ɗaure sifirin ɗin da ke tafiyar da agogon, ba sai ka murɗa kowace safiya ba. Akwai kuma mai awo. Ka danna ya fara ƙirga, ka sake dannawa ya tsaya, ka danna ɗayan tsinken ya koma mazauninsa. Shekara da shekaru maƙera suna son haɗa biyun a gida ɗaya sun kasa. Mai lilo bayan agogo yake so, kayan awo su ma bayan agogo suke so. Kamar ni da kai a gonar Baba."

Daga nan sai ya gyara zama, don nan ne wurin da ya fi so. Ya ce a shekara guda aka yi rige-rige, ƙungiya biyu a ƙasar Turawa, ɗaya a Japan, kowa ya fito da nasa, kuma har gobe kowa cewa yake shi ya fara. "Waɗanda suka ƙera nawa, bene suka gina. Suka ƙanƙance mai lilon suka nutsar da shi a hawan ƙasa, suka ɗora kayan awo a hawan sama. Da suka haɗa sai abin murɗi ya faɗo hagu. Suka bar shi a nan, suka ce ai mai wannan agogo ba kullum yake bukatar taɓa shi ba." Ya ce na farkon ma bai gama nuna ba, sai da suka yi ta sake masa gyara, suna ƙara masa saurin bugu. Ƙarshen labarin kullum ɗaya ne, kuma murya ƙasa-ƙasa yake faɗarsa: "Sun gama wannan wahala ke nan, gumi bai bushe musu ba, sai ga mai batir ya shigo."

Ni kuwa nakan ce, "To mu ina ruwanmu? Zakara yana nan, ladan yana nan."

Sai ya ce, "Kai dai kanka bai wuce ƙotar fartanya ba."

Abin dariya, shi da ya tsani noma, agogo ya mayar da shi gona. Idan ya gyara otomatik ba ya miƙa wa mai shi sai ya gwada, gwajin kuma sai da motsin hannu. Sai ka ga Yaya da damina ya jera agogunan mutane a hannu biyu har kusa da gwiwa, ya shigo gonata ya karɓi fartanya. Kuyya biyu zai yi, ya tsaya ya bi su ɗaya bayan ɗaya da kunne, ya ajiye mini fartanyar a tsakiyar gona ya tafi. Masu wucewa har tsayawa suke su tambaye shi ƙarfe nawa, ya ce, "Na wa kake so?"

Faɗanmu mafi girma a kan agogon nan muka yi shi. Shekarun fari ne, rijiyoyi suka ƙafe, saura ɗaya a unguwarmu, ita ma tsatsafowa take. Mata suna kokawa a bakinta, guga na sarƙewa da guga. Dattawa suka ce Yaya ya zo da agogonsa mai awo, kowane gida a ba shi lokaci daidai da na kowa. Ya kawo kujera ya zauna. Mace ta zura guga ya danna, lokacinta ya cika ya danna, ya ce, "Ɗauke igiyarki." Wallahi faɗa ya ragu, wannan ba na musunsa. Amma a lokacin matata tana da tsohon ciki, jan guga ɗaya sai ta huta. Lokaci ya cika tulunta bai kai rabi ba, ya ce mata ta ɗauke igiya kamar bai taɓa ganinta ba. Na same shi na ce, "Yaya, matar ƙaninka ce fa." Ya ce, "Agogon bai sani ba." Na ce, "Ai kai ka sani." Ya ce, "In na sani sau ɗaya, gobe kowa zai zo da abin da zan sani." Har ruwa ya sauka gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ya mutu yana ganin shi ke da gaskiya, ni ma ina nan a kan bakana.

Amma mutumin nan ɗaya, shi ne ya riƙa zuwa gidan tsohon liman, mahaifin na yanzu, lokacin da ɓarin jikinsa ya shanye. Tsohon yana da otomatik da yake duba lokacin salla da shi. Hannu ya daina motsi, agogo ya daina tafiya, abin ya dame shi fiye da ciwon. 'Ya'yansa suka ce a sayo masa mai batir, ya ƙi. Kullum da safe Yaya zai je ya cire masa agogon, ya ɗaura a nasa hannu, ya yi ta harkokinsa da shi, kafin azahar ya mayar masa a cike. Haka ya yi ta yi har tsohon ya rasu, kuma ban taɓa jin ya ba wani labarin ba. A bakin matar tsohon na ji.

Daga baya komai ya tafi yadda ya faɗa. Mai batir ya cika kasuwa, ba a gyara shi, sai dai a canza batir ko a yar. Akwatin gilashin Yaya ya koma na batira da madauri da ƙwan tocila. Sai waya ta zo ta share har mai batir ɗin. Yakan wuni a Gezawa bai buɗe bayan agogo ko ɗaya ba. Ya nemi ya koya wa 'ya'yansa, babban ya ce, "Baba, wa zai kawo mini?" Ya tafi Bacirawa yana tuƙa babur mai ƙafa uku, kuma ban ga laifinsa ba, iyali ba sa cin tsinken agogo. Ƙananan suka bi shi. Yaya bai yi musu faɗa ba. Ya dai daina ba da labarin bene da mai lilo, sai in mu biyu ne kaɗai.

Bara agogon nasa ya fara ja da baya. Ya ce mai ne ya bushe a ciki, sai an kwance shi duka an wanke. Na ce, "Da wannan idon?" Don yanar ido ta riga ta rufe masa ɗaya, ɗayan ma dishi-dishi yake gani. Ya ce shi ya sa zai yi yanzu, kafin na biyun ya tafi.

Yadda yake aiki ke nan tun yana saurayi. Zai tara murafan kwalbar lemo ya wanke, ya jera su a faifai layi-layi, daga dama zuwa hagu kamar rubutun allo. Abin da ya fara cirewa ya shiga murfi na farko da sukurorinsa, na biyu ya shiga na biyu, haka har ƙarshe. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakinsa da hasken safiya, ya yi kwanaki yana kwancewa, ya wanke komai tas. Ya zo haɗawa sai idon ya ƙi, hannun kuma ya kama rawa. Sukuru ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta, ya kai matsefata ya kama iska. Aka ce masu aikin ido kyauta za su zo, muka yi ta jira, aka ce sai bayan damina, aka ce sai an ga hali.

Wata safiya ya aika a kira ni. Ya buɗe faifan ya ce, "Zauna ka gani. Jerin nan shi ne karatun. Duk mai gyaran da ya san hannunsa, ko bai taɓa ganin irinsa ba, in ya fara daga murfin ƙarshe ya bi da baya-baya, zai kai. Sukurorin nan a ido duk ɗaya ne, amma kowanne da raminsa. Ka sa dogo a ramin gajere, ka kashe agogo. In na warke ni zan haɗa. In ban warke ba, ka ɗauke shi a haka ka kai birni. Kada ka bar shi ya girgiza."

Na ce, "A ka zan ɗora kamar mai tallan fura?"

Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ko a ka ne. Ai ba abin da ka ajiye a cikinsa."

Sai ranar sadakar uku na samu shiga ɗakin. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin gado, babu faifai. Na laluba da hannu har bango. Na fito tsakar gida na tambaya. Matar babban ɗansa, wadda ta zo daga Bacirawa ranar rasuwar, ta taso da sauri tana goge hannu a zani. Yarinyar kirki ce, ita ta riƙe girkin makokin nan gaba ɗaya.

Ta ce, "Baba, faifan ne? Ni na ɗauka. Abincin da ake fitar wa maza ba abin rufewa, faya-fayan gidan duk sun ƙare, na ga biyu masu kyau a ɗakin. Amma kayan suna nan, na adana."

Ta shiga ta fito da gwangwanin madara, an wanke shi an goge, an ɗaure bakinsa da leda. Ta miƙo mini da hannu biyu. Da ya taɓa tafina na ji abin ciki ya yi ƙara kamar tsaba.

Ta ce, "A kan farin ƙyalle na juye su, Baba, na tattara a hankali. Ko ƙwaya ɗaya ban bari ta faɗi ba. Murafan ne kawai na ba yara."

Tana kallona tana jiran in ce ta kyauta. Me zan ce? Ba a kai wa baƙi abinci a buɗe, haka uwarta ta koya mata, haka tamu ta koya wa matanmu. Ni da kaina na ɗaga faifan nan daga kan kwano ranar farko, na ci tuwo, ban gane shi ba. Na ce, "Allah Ya yi miki albarka." Matar Yaya tana ɗaki cikin takaba, ta ji mu. Ita da ta shekara tana shara tana kewaye faifan nan, ko tsintsiya ba ta bari ta taɓa shi ba. Ta ce daga ciki, "Da ina kan ƙafafuna." Ban yi kuka a maƙabarta ba, amma a ranar sai da na zagaya bayan rumbu.

Bayan arba'in na tara 'ya'yansa, don kayan gado ne, ba nawa ba. Suka ce, "Baba, ka riƙe, mu me za mu yi da shi?" Na sa gwangwanin a aljihu na shiga mota zuwa birni. Na fara da Sabon Gari, layin da Yaya ya koyi aiki. Duk shagunan waya ne. Samarin sun karɓe ni da mutunci, sun ba ni benci. Wani ya leƙa gwangwanin ya ce, "Baba, da ka haƙura ka sayi sabo." Wannan ya tura ni wurin wancan, wancan ya tura ni gaba, har wani mai sayar da madaurin agogo ya kwatanta mini wani dattijo a wani lungu cikin gari.

Na same shi a rumfa da ba ta fi shimfiɗar tabarma ba, sa'an Yaya ne ko ya ɗan girme shi. Ya shimfiɗa farar takarda, ya juye gwangwanin a hankali, ya maƙala madubi a ido. Ya daɗe yana juya ƙarafan da matsefata. Can ya ɗago wani ɗan ƙarfe mai nauyi, ya ce, "Mai murɗi a hagu ne wannan. Sau ɗaya na taɓa ganin irinsa, shi ma a hannun mai shi, ban buɗe ba."

Na ce, "Shi ne, Malam."

Ya ce, "Wa ya kwance?"

Na ce, "Yayana."

Ya ci gaba da dubawa. "Hannunsa na da tsabta. Duba kan sukurorin nan, ko ƙarzane babu. Wannan ya san abin da yake yi." Sai ya cire madubin ya ajiye. "Amma ni ba zan iya ba, kuma ban san wanda zai iya a garin nan ba. Da a jere ka kawo shi da na gwada. A haka in na ce zan yi, ɓata shi zan yi. Ka koma wa yayan naka, ka ce ya sake jera shi. Ko ba ya gani sosai, yatsunsa za su gane. In ya jera ka kawo mini, ba sai ka ba ni komai ba."

Ban gaya masa Yaya ya rasu ba. Tun ranar Larabar nan ba wanda ya yi maganar Yaya kamar yana nan zaune a zaure sai wannan bawan Allah, kuma ban so in katse shi ba. Na ce, "To."

Ya tattara komai ya mayar a gwangwani, ya ɗaure ledar da kansa. Har na juya ya kira ni, ya ce, "Ka gaishe shi. Ka ce akwai wani a birni da ya ga aikinsa."

Saƙo amana ne. Da na sauka daga mota ban shiga gida ba, na bi ta gefen gonaki zuwa maƙabarta, rana ta yi sanyi. Na tsaya a kansa na yi sallama, na ce, "Yaya, wani a birni yana gaishe ka. Ya ga aikinka, ya ce hannunka na da tsabta." Sauran saƙon ban isar ba.

Allah Ya jiƙan Yaya, Ya yafe masa zafin ransa, Ya saka masa da tafiyar da ya riƙa yi wa tsohon liman, Ya haskaka masa inda yake fiye da yadda idonsa ya yi duhu a nan. Gwangwanin yana ɗakina. Idona ni ma ya fara, kuma in tawa ta zo ban san wanda zan gaya wa cewa abin da ke ciki agogo ne ba.